Kafin ka kwashi kuɗinka ka nufi Singa, zo mu sake lissafin shagon nan

Kwanakin baya wani ƙanina ya same ni da wata 'yar takarda a hannu, wai ya gama lissafi zai buɗe shagon tireda a unguwarsu. Ya kwashi adashi, ya sayar da babur ɗinsa, ya haɗa miliyan biyu cif. Na karɓi takardar na duba, layi biyu ne kawai a ciki: haya 300,000, kaya 1,700,000. Nace masa to madalla, amma wa zai ɗauko maka kayan daga kasuwar Singa ta Kano zuwa ƙofar shagon, aljanu? Sai yayi dariya. Nace kuma in sun iso a ƙasa zaka jera su ko a kanka? Nan dariyar ta fara raguwa.

Ba laifinsa bane, nima haka nayi a shagona na farko, kuma wata biyar kawai nayi na fara ganin kantoci suna yin fili alhali ciniki ana yi ba laifi. Babu wanda ya sace min ko sisi, ƙananan kuɗaɗen da ban taɓa rubutawa ba ne suka dinga gutsurar jarin kamar gara. To ga yadda muka zauna muka sake lissafin nasa, zan bi da ku ɗaya bayan ɗaya, da shagon tireda zan yi misali amma mai ɗinki da mai POS da mai sayar da abinci duk zasu ga kansu a ciki.

Mataki na farko, kuɗin kaya shine na ƙarshe

Yawancinmu da kaya muke farawa, saboda shine abin daɗin, kana hango katan-katan na taliya da madara da omo sun cika shago. Juya lissafin. Ka samu littafi, ba takardar da zata ɓata a aljihun riga ba, ka ware shafi uku. Shafi na ɗaya kuɗin da zaka kashe sau ɗaya kafin ka buɗe ƙofa. Na biyu kuɗin da zai dinga fita duk wata ko anyi ciniki ko ba'a yi ba. Na uku kuɗin ko-ta-kwana. Sai ka cike ukun nan ka cire su daga abin da ke hannunka, ragowar ita ce jarin kaya. Zaka ji haushin yadda zata ƙanƙance, gara kaji haushin yanzu kana zaune akan tabarma.

Mataki na biyu, shagon kansa

Nan ne aka fi yin asara kuma nan zan fi daɗewa. In aka ce maka shago 300,000 ne a shekara, wannan na mai shago ne kawai. Akwai la'adar dillali, yawanci kashi biyar zuwa goma cikin ɗari ya danganta da gari da yadda kuka yi, wani lokacin ma dillalan biyu ne ko uku kowa yace shi ya nuna maka. Akwai kuɗin rubuta yarjejeniya. Wasu masu shagon kuma shekara biyu suke so a dunƙule in wurin bakin titi ne. Duk wannan ka tambaya tun kafin ka bada kafin alƙalami, don da zarar kuɗinka ya shiga hannu bakinka ya mutu.

Sannan ka shiga shagon da idon mai neman aibu. Ɗaga kai ka kalli silin, in kaga tabon ruwa to yana yoyo, kuma da rani ba zaka sani ba sai ruwan farko ya sauka akan buhun sukarinka. Duba ƙasa ko akwai ramin ɓera. Girgiza ƙofar, in ta langa-langa ce sai ka sa mai walda ya ƙara mata ƙarfe, ga kwaɗo masu kyau aƙalla biyu. Kafinta zai buga kantoci da teburin gaba, mai fenti, mai wayarin zai sa soket da fanka da ƙwan fitila, in rana na dukan ƙofar da yamma sai kayi rumfa in ba haka ba man shafawa da cakulan duk su narke. Kar ka ƙiyasta da ka, ka kira kowannensu yazo ya gani ya faɗi kuɗinsa da na kayan aiki, ka leƙa Ƙofar Ruwa ko inda ake sayar da kayan gini a garinku ka ji farashi da kunnenka, sannan duk abin da suka faɗa ka ɗora wani abu a kai, don ban taɓa ganin aikin kafinta ya ƙare akan kuɗin da aka yanke da farko ba, kullum sai ƙusa ta ƙare ko katako bai isa ba.

Abin da kusan kowa ke mantawa: bashin wutar wanda ya tashi. A aikace bashin wuta yakan zauna ne akan mita ko lambar asusun shagon ko da mutumin ya tafi. Ni na taɓa kama shago, sati biyu da buɗewa aka zo da tsani za'a yanke, aka nuna min bashin da ya taru tun kafin in san akwai shagon a duniya, mai shago yace shi ba ruwansa, wanda ya tashi kuma wayarsa a kashe. Ni na biya. Don haka ka nemi bil na ƙarshe ka gani da idonka, in mita mai kati ce a duba ko akwai tsohon bashi da ake cira duk lokacin da aka sayi wuta, kuma a rubuta a yarjejeniya waye zai biya. Haka ma gyaran da zaka yi, a rubuta ko za'a cire a haya ko kuma zaka ɓalle kantocinka ka tafi dasu ranar da zaka tashi. A sa shaidu. Ko shagon kawunka ne a rubuta, musamman ma in na kawunka ne.

Wani abu kuma, haya tana fara ƙirga ne daga ranar da ka biya ba ranar da ka buɗe ba. In ka ɗau wata biyu kana gyara to wata goma ka saya da kuɗin shekara. Kuma hayar baɗi ka raba ta gida goma sha biyu ka sa a shafi na biyu tun yanzu, 300,000 ta zama 25,000 duk wata, ka dinga ware ta gefe, ka ma ɗan ƙara don da wuya mai shago ya ga kana ciniki bai yi ƙari ba.

Mataki na uku, wuta da sanyi

In zaka sayar da lemo da ruwan leda to kasuwancin sanyi kake yi, kuma sanyi kuɗi ne. Ka fara sanin layin da shagon yake. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage kaɗan, shaguna biyu a gari ɗaya zasu iya biyan kuɗin da ya ninka na juna sau uku. Band A ana nufin wuta awa ashirin ko fiye a rana, zaka biya da tsada amma janareto zai huta. In layin da ba'a cika kawowa bane, bil ɗinka kaɗan ne amma gidan mai ne zai cinye ka, kuma kowa ya san yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu a ƙarshen 2024.

Lissafin mai sauƙi ne amma mutane basa yi. Tambayi maƙwabcin shagon awa nawa ake samun wuta a rana, ba dillali ba, maƙwabci. Ka ga awa nawa zaka kunna janareto, ka san lita nawa yake sha a awa, ka ninka da kuɗin lita, ka ninka da talatin. Ka ƙara baƙin mai da fulogi da kuɗin mai gyara. Sai ka tambayi kanka katan nawa na lemo zan sayar a wata kafin ribarsa ta biya wannan? In amsar ta fi ƙarfin unguwar, ka haƙura da firiza tukuna, ka sayi babbar kula ka dinga sarin ƙanƙara. Sola tana da daɗi amma kuɗin farko ne mai nauyi, kuma batir ba ya dawwama, shima akwai ranar canji. In ka sayi firiza kar ka yi rowar sitabilaiza, wutar da ke zuwa da ƙarfi dare ɗaya ta isa ta ƙone kwamfaresa.

Mataki na huɗu, takardu da masu zuwa da rasit

Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ake yi, ana iya yi ta intanet, ka duba farashin a shafinsu a ranar da zaka yi don yana canzawa, in kuma ejan zaka ba to da ladansa. Abin da ba'a faɗa wa mutane shine bayan rajistar akwai bayanin shekara-shekara da ake shigarwa ana biya, in ka share tara ce ke taruwa. Ƙaramin mai tireda zai iya farawa ya yi rajistar daga baya, amma in kana son asusun banki da sunan shago ko harkar POS zaka yi, tun 2024 aka ce masu POS su yi rajista, to sa shi a shafi na ɗaya. In kuma zaka ɗura zoɓo ko yogot ko yaji a roba ka manna suna ka kai shaguna, wannan maganar NAFDAC ce, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma su har wurin da ake haɗawa suke dubawa, wato akwai kuɗin gyaran wuri ban da na takarda.

Sai na kusa: kuɗin ƙaramar hukuma, harajin jiha, kuɗin shara, kuɗin allon da ka kafa a ƙofa a wasu garuruwan, kuɗin maigadi ko 'yan sintiri, in cikin kasuwa ne ga kuɗin ƙungiya. Hanya mafi sauƙi ka sayi lemo biyu ka zauna da wani dattijo mai shago a layin, kace Baba a shekara su wa da wa ke zuwa karɓar kuɗi a nan kuma nawa? Minti goma zai baka abin da ba zaka samu a ko'ina ba. Duk wanda ka biya ka karɓi rasit ka adana a leda ɗaya, ranar da wani zai dawo yace baka biya ba zaka gode min.

Mataki na biyar, abin da ke bin kowane katan

Kuɗin da ka biya dila ba shine kuɗin kayan ba. Akwai ɗan dako daga shagon dila zuwa bakin titi, akwai kurkura ko adaidaita zuwa unguwa, akwai mai saukewa, akwai kuɗin motarka kai kanka da abincin da zaka ci a kasuwa. A ce ka kashe 8,000 a sari ɗaya ka ɗauko katan arba'in, kowane katan ya hau da naira 200 kenan, in ribar da kake hange a katan 500 ce to saura 300 tun baka buɗe shi ba. Shi yasa zuwa sari kullum da kuɗi kaɗan yake kashe ƙaramin shago, gara ka tara ka je sau ɗaya ko biyu a sati, ko ku haɗa mota da maƙwabci.

Leda kuma fa? Ba wanda ke sa leda a lissafi, amma wanda ya sayi magi na hamsin ma sai yace a sa masa a leda. Ga cajin POS, ga naira 50 ɗin nan da ake cira a taransifa ta 10,000 zuwa sama, wadda tun Disambar 2024 ta shafi har su Opay da Moniepoint, ga data, ga katin kiran dila. Ga canji da zaka nema duk safiya, wani wurin sai ka saya. Ga alat na bogi, wanda maganinsa ɗaya ne, kar kaya su bar shago sai ka ga kuɗin a cikin asusunka da idonka, ba a fuskar wayar mai saya ba, ko da rawani ya zo.

Sai babban, wanda ya karya mutane da yawa a 2024 lokacin da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari: ka sari abu 10,000 ka sayar 11,000 kana murna ka ci dubu, ka koma kasuwa ka tarar ya zama 11,500. Riba a baki, asara a kanta. Kuɗinka na ƙaruwa amma yawan katan ɗinka na raguwa. Don haka ka dinga ƙirga jarinka da katan ba da naira kaɗai ba, ka riƙe lambar dila biyu ko uku kana jin farashi, ka sa kuɗin kayanka akan yadda zaka sake saro su.

Mataki na shida, abin da zai lalace da abin da ba zai dawo ba

Ɓera zai ci, zafi zai narkar, wani ya fashe a mota, wani wa'adinsa ya wuce yana kan kanta, wani kuma yayi kwantai don kai kaɗai kake son sa, unguwar basa so. Ware wani ɗan kaso na kuɗin kaya, ni ina sa kashi biyu zuwa uku cikin ɗari, kace wannan na asara ne, in bai tafi ba alhamdulillahi.

Bashi kuwa sai an yi haƙuri da ni. Duk wanda zai buɗe shago a unguwarsu yana rantsuwa ba zai bada bashi ba, kuma duk suna bayarwa, don ranar da Inna maƙwabciya wadda ta goya ka ta aiko yaro a bata sukari da ganyen shayi zuwa jibi, ba allon "ba bashi" da zai cece ka. Tunda zaka bayar, sa shi a lissafi. Yanke adadi, misali kace duk bashin da ke waje kar ya wuce 30,000, in ya kai nan an rufe sai wani ya biya. Rubuta komai a gaban mai karɓa da kwanan wata. Ma'aikata masu cewa sai ƙarshen wata ka sani kai kake ɗaukar nauyin gidansu na kwana talatin da jarinka, in albashi ya makara kai ma ka makara. Kuma a zuciyarka ka ɗauka wani kaso na bashin nan sadaka ce, ba zai dawo ba.

Mataki na bakwai, kai da gidanka

Wannan ne ya cinye nawa shagon. Da safe in ɗebi madara da burodi a kai gida, da rana a aiko a karɓi taliya, anjima abokai sun zo hira an buɗe lemo, ga suna ga biki ga ɗan'uwa ya zo da takardar asibiti, kuma tunda an ga ka buɗe shago kowa ya ɗauka ka zama Alhaji. Ba cewa nayi kar ka taimaka ba. Yanka wa kanka albashi, ko na sati ko na wata, komai ƙanƙantarsa, cefane da zumunci su fito daga nan. Abin da aka ɗauka a kanta don gida a rubuta a cire a albashin, ko ashana ce.

In zaka ɗau yaron shago, ba kuɗin wata kaɗai bane, akwai abincin rana, kuɗin mota, ɗinkin Sallah, in ya kwanta ciwo kai ne, in kuma irin tsarin nan ne na ya zauna shekaru a sallame shi da jari to wannan ma alkawari ne da ke jiranka.

Sannan sabon shago ba ya ɗaukar kansa daga buɗewa. Mutane sun saba da inda suke saya, wasu ma ana binsu bashi a can ba zasu iya tsallakowa ba. Duk abin da ya taru a shafi na biyu ka ninka shi sau uku, kuɗin wata uku kenan, ka ajiye shi a wani asusu daban wanda baka yawo da katinsa.

Mataki na takwas, ko-ta-kwana

Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Garin Kano ta 2016 ko ruwan da ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Allah ya tsare, amma ka sayi tukunyar kashe gobara ƙarama, ka ɗora kaya akan katako kar su taɓa ƙasa, ka kashe komai kafin ka rufe. In jarin yayi nauyi ka tambayi kamfanonin takaful, inshorar da aka tsara bisa shari'a, kaji abin da zasu ce. A shafi na uku ka ajiye kamar kashi bakwai zuwa goma cikin ɗari na duk kuɗinka. Kuma in Allah ya sa albarka kayan suka kai nisabi shekara ta zagayo, akwai zakka, ɗaya cikin arba'in, a kan kaya da kuɗin duka ba riba kaɗai ba, ka tambayi malaminku yadda ake ƙiyastawa tun kafin lokacin.

Yadda takardar ƙanin nawa ta koma

Waɗannan alƙaluman nasa ne a lokacin, naka zasu bambanta, tsarin zaka ɗauka. Haya 300,000. La'ada da yarjejeniya 35,000. Kantoci, ƙofa, fenti, wayarin da rumfa 220,000. Firiza na hannu da sitabilaiza da ƙaramin janareto 330,000. Takardu da kuɗaɗen hukuma 40,000. Shafi na ɗaya ya tashi 925,000. Na wata-wata kuma, wuta da mai 45,000, dako da leda da data da caji 25,000, maigadi da shara 5,000, albashinsa 50,000, ya kama 125,000, sau uku 375,000. Hayar baɗi muka ce ya fara cire ta daga ciniki tun watan farko. Ko-ta-kwana 150,000. Duka 1,450,000. Abin da ya rage na kaya 550,000, mutumin da ya zo da niyyar sarin miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai.

Shiru yayi ya daɗe, har yace ko dai ya fasa ne. Nace a'a, yanzu ne ma zamu yi ciniki da takardar. Muka soke firiza da janareto, ya sayi kula ta 30,000 zai dinga ɗaukar ƙanƙara a bayan layinsu, 300,000 ta dawo, jarin kaya ya koma 850,000, kuɗin man da muka sa a wata kuma ya koma na ƙanƙara har da ragowa. Haya da ƙofa da kuɗin wata uku nace ko kusa kar ya taɓa.

Kuma 850,000 ɗin ma ban bar shi ya kai Singa gaba ɗaya ba. Ya sari na 600,000, abubuwan da ba'a kwana ba'a nema ba, sukari, madara, magi, omo, sabulu, taliya, man gyaɗa, biskit ɗin yara. Sauran 250,000 ya riƙe sati biyu, ya ajiye littafi a gefen teburi, duk wanda ya tambayi abu babu sai ya rubuta. Da sati biyun suka cika, abin da ya fi fitowa a littafin famfas ne da maganin sauro da batirin tocila, ko ɗaya babu a jerin da ya fara rubutawa, da su ya cike sari na biyu.